DARASI: JIN LABARIN KASUWA DA AIKI DA SHI



Kowane mako kuna jin rediyo tana karanta kuɗin hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake a kasuwannin ƙasarmu. Waɗansu sukan saurara su ce: “To, hatsi ya hau”, ko “hatsi ya sauka”, shi ke nan. Amma an tanadi labarin ne domin ku yi lissafi da shi kafin ku ɗora buhu a kan amalanke, kafin kuma ku kwance bakin aljihu. Mutum yakan sha rana wata huɗu a gona, ya zo kasuwa ya yi asarar rabin wahalarsa cikin wuni guda, saboda bai san farashi ba. Darasinmu na yau zai nuna yadda ake kauce wa wannan asara. A karanta shi a taron ƙungiya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. DAGA INA LABARIN YAKE FITOWA?

A shekarar 1970 aka kafa ofishin cimaka na ƙasa, wato OPVN, domin saye da ajiyar abinci. A 1989 aka soma aikin bin farashin hatsi kasuwa kasuwa, aikin da aka sani da sunan SIMA. Ma'aikatansa suna shiga kasuwa ranar cinta, su tambayi masu saye da masu sayarwa, su auna tiya a kan sikeli, su rubuta, su aika Yamai. Akwai kuma masu irin wannan aiki a kasuwannin bisashe. Abin da suka tara shi ake karanta muku.

Ku lura da abu biyu. Na farko, kuɗin da aka faɗa na ranar da kasuwar ta ci ne, kafin ya iso kunnenku ya yi kwanaki. Na biyu, matsakaicin kuɗi ne. Hatsi mai tsabta yakan wuce shi, mai tsakuwa da ƙaiƙayi ba ya kai shi. Saboda haka labarin rediyo yana nuna muku inda za ku soma ciniki, sauran kuma ya rage ga kyan kayanku da bakinku.

2. KASUWA IRI-IRI CE

Kada ku haɗa kuɗin kasuwar ƙauye da na birni. Akwai kasuwar tattarawa, inda manomi yake kai abin da ya noma, ƴan awo su saya tiya tiya, kamar Bakin Birji a jihar Damagaram ko Cadawa a jihar Maraɗi. Akwai kasuwar ƴan sari, inda ake tara buhuna a mangaza ana loda manyan motoci: babbar kasuwar Maraɗi mai ci Litinin da Juma'a, da kasuwar Dole ta Damagaram mai ci Alhamis, suna cikinsu. Akwai kasuwar masu ci, inda ba a noma da yawa sai saye, kamar Katako a Yamai, ko kasuwar Agadas. Sannan akwai kasuwannin bakin iyaka, kamar Birnin Ƙwanni mai ci Laraba, da Ɗan Isa, da Magarya.

Buhun da ya tashi daga ƙauye zuwa Agadas, duk inda ya sauka kuɗinsa ya ƙaru: ga kuɗin mota, ga na dako, ga haraji, ga ribar ɗan kasuwa. In kun ji an ce buhu ya kai kaza a Yamai, kada ku ce wa mai awo na garinku ɓarawo don ya taya ƙasa da haka. Ku gwada tayinsa da kuɗin kasuwa irin taku mafi kusa da ku.

3. JUYA KILO ZUWA TIYA, TAMMA ZUWA DALA

Ga inda da yawa suke ruɗewa. Ma'aikata suna lissafi da kilo da tamma, mu kuwa a kasuwa da tiya da dala muke ciniki. Ku riƙe waɗannan:

Dala 1 tamma 5 ce.
Jika 1 tamma 1000 ce, wato dala 200.
Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce.
Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40.

Daga nan dabara biyu suka fito, kowa yana iya yin su da ka.

Dabara ta farko. In an faɗi kuɗin kilo da tamma, ku raba shi biyu. Abin da ya fito shi ne kuɗin tiya da dala. Misali, an ce kilo tamma 250. Rabinsa 125. Tiya dala 125 ke nan.

Dabara ta biyu. In an faɗi kuɗin buhu da jika, ku ninka shi sau 5. Misali, an ce buhu jika 25. Sau 5 ya zama 125. Tiya dala 125 ke nan, daidai da lissafin farko.

Duk kuɗaɗen da za ku gani cikin wannan darasi misali ne don koyo. Ku sa na kasuwarku a wurinsu.

4. AWO YA FI FARASHI CIN MUTUM

Tiya ba ɗaya ba ce. Wata an bubbuge gindinta ta zurfafa, wata an lotsa ta ta rage. Akwai awon da ake shafe baki, akwai wanda ake cikawa ya yi tudu, akwai kuma mai awon da yake kara hannu a bakin tiya, hatsi ya hau bisa tafinsa. Mai tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, yana cin riba ko da farashi bai motsa ba.

Ku duba lissafin. In kowace tiya goma mai awo ya ci ɗaya, to tiya 44 kuka zuba aka biya ku kuɗin 40. Tiya 4 sun tafi. A kan dala 125, dala 500 ke nan, wato jika 2 da rabi. Wanda ya tsaya yana gardama a kan dala 5 ya kau da kai daga tiya, ya tsare ƙofa ne ɓarawo ya shiga ta katanga.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ku auna kayanku a gida da tiyar da kuka sani, ku riƙe adadin. Ku yi yarjejeniyar irin awon kafin a kwance bakin buhu. Ƙungiyar da take da hali ta sayi sikeli, a ajiye shi wurin wanda aka amince da shi. In kuwa saye za ku yi, ku soka hannu har tsakiyar buhu, domin akwai mai sa kyakkyawa a sama.

5. KAI KAYA NESA: RIBA KO WAHALA?

A ce tiya tana dala 110 a kasuwar garinku, rediyo ta ce dala 125 a birni. Bambanci dala 15. Kuna da buhu 2, tiya 80. In kun kai birni za ku ƙaru da dala 1200, wato jika 6. Yanzu mu fidda abin da tafiyar za ta ci:

Kuɗin motar buhu 2: dala 600.
Kuɗin motarku zuwa da dawowa: dala 400.
Masu dako: dala 60.
Harajin kasuwa: dala 40.
La'adar dillali: dala 60.

Duka dala 1160. Abin da ya rage dala 40, ko abincin rana ba ku ci ba, ga wuni guda ya tafi.

To a ce ku goma kuka haɗa kai, kowa buhu 2, kuka tura mutum ɗaya da buhu 20. Ƙarin ya zama jika 60. Motar kaya jika 30, motar ɗan aike jika 2, dako jika 3, haraji jika 2, la'ada jika 3, duka jika 40. Sauran jika 20, kowa ya sami jika 2. Dala 40 ta zama dala 400, tun kafin a nemi ragi wurin mai mota, wanda ba ya ƙin rage wa mai buhu 20. A sallami ɗan aike da abin da aka yarda, ya dawo da lissafi a rubuce.

6. FARASHI YANA BIN SHEKARA

Kusan kowace shekara tafiyar ɗaya ce. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ya cika kasuwa, kuɗi ya faɗi, domin kowa yana sayarwa lokaci guda: ga bashi, ga haraji, ga biki, ga kayan ƴan makaranta. Da rani ya soma hawa. Daga Yuni zuwa Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, aikin gona ya yi tsanani, nan ne yake kai ƙololuwa. Wanda ya sayar da arha da kaka, shi ne yake dawowa ya sayi hatsin nan da tsada da damana.

Waɗanda suka ga 2005 ba su manta ba. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. Kafin Yuli na 2005 buhun hatsi ya kai jika 30 a kasuwanni da dama, kuɗin bisashe kuma ya faɗi. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne talaka ya rasa. Mutane da yawa sun jinginar da gona, ko sun ci bashin da za su biya da dami da kaka.

Saboda haka, kafin ku sayar da ko tiya ɗaya, ku fidda cimakar gida. Ma'aikatan gona sukan ƙiyasta kilo 250 ga kowane mutumin karkara a shekara, wato tiya 100, buhu 2 da rabi. Gida mai mutum 8 yana bukatar buhu 20. Bayan nan ku fidda iri, ku fidda zakka. Abin da ya saura shi ne na kasuwa. In bukatar kuɗi ta taso da kaka, ku fara da abin da aka noma don sayarwa: wake, gujiya, riɗi, aya, harawa. Hatsi ya zama na ƙarshen fita.

7. MAƘWABTA SUNA TAƁA KASUWARMU

Kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Ƙwanni a ɗaure suke da na arewacin Najeriya, musamman kasuwar Dawanau ta Kano, da Jibiya, da Illela, da Mai'aduwa. Mafi yawan wakenmu da bisashenmu can suke tafiya, masara da hatsi kuma sukan shigo daga can. In naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2016 da kuma 2023, kayan Najeriya sukan yi mana sauƙi, amma mai sayen rago ko wake daga can ba ya iya biyan abin da ya saba. In aka rufe iyaka, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, abin da muke fitarwa yakan taru ya faɗi, abin da muke shigowa da shi ya hau. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa waje, ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Duk mai niyyar ƙetara iyaka da kaya ya fara tambayar dokar da take aiki a ranar. Mai sauraron kuɗin kasuwa ya riƙa sauraron labarin naira da na iyaka tare.

8. AJIYA

Jiran farashi ba ya da amfani in ƙwari sun riga ku. Wake shi ya fi saurin lalacewa. Tun 2007 aka shigo da buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, masu binciken INRAN suna cikin waɗanda suka gwada shi a Maraɗi. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje, ba a sa magani. A shanya wake ya bushe sarai, a duba ledojin kada a sami huda, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaron da ke ciki ya rasa iska ya mutu. A ɗora buhun bisa katako nesa da bango, a tsare shi daga ɓera, kada a riƙa buɗewa. Kada ku kuskura ku zuba maganin feshin gona cikin abin da mutane za su ci.

Ga wanda bukatar kuɗi ta matsa da kaka, akwai jinginar amfanin gona, wadda aka soma yaɗawa a Nijar wajen 1999 da taimakon hukumar FAO. Ƙungiya tana tara buhuna a mangaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da bashi. Ana ba kowa bashin da bai kai cikakken kuɗin kayansa ba. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe.

Misali: buhu yana jika 18 da kaka. An ba ku jika 14. Kuɗin ajiya da abin da asusu ya ɗora sun kama jika 2 da rabi. In buhu ya kai jika 25 ranar buɗewa, kun biya 16 da rabi, saura 8 da rabi. Haɗe da 14 na farko, kun sami 22 da rabi maimakon 18. Amma in buhu ya tsaya a jika 20, abin da kuka samu duka 17 da rabi ne, kun yi asarar rabin jika. Akwai shekarun da farashi ba ya hawa sosai. Don haka bashin jingina a sa shi cikin abin da zai haifar da kuɗi, kamar kiwon turka, noman rani ko matsar man gujiya. In aka kashe shi a biki, ranar buɗe mangaza sai ɗan kasuwa ya kwashe buhunan.

9. BISASHE DA HATSI

Makiyayi da mai akuya a gida su riƙa tambaya: tiya nawa dabbata za ta saya? A ce da kaka bunsuru ya yi ƙiba yana jika 20, buhu yana jika 18. Bunsuru ya sayi buhu har da saura. Da bazara ya rame ya koma jika 15, buhu ya hau jika 30. Bunsurun nan rabin buhu kawai zai saya. In kun san hatsinku ba zai kai ku sabuwar kaka ba, ku sayar da dabba tun tana da nama hatsi yana arha, ku cike rumbu. Masu turkar ragon layya su tuna Salla tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, su lissafa ranar soma turka daga nan.

10. KAYAN LAMBU

Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodibuwa, amma manominta ya san da Maris da Afrilu, lokacin babban girbi, kuɗinta yana ƙasa, ba ya ɗagawa sosai sai bayan damana. Mai ajiya a rudu ya zaɓi wadda ta ƙosa, wuyanta ya bushe, ba ta da rauni, ya riƙa dubawa yana fidda ruɓaɓɓiya. Ya lissafa abin da zai ruɓe da abin da zai rage nauyi kafin ya ƙirga riba. Wajen sayarwa kuma a daidaita girman buhu tukuna, domin buhun albasa da aka ɗora wa hula ya wuce kilo 100 nesa.

Tumatir, shu, salati da karoti suna cika kasuwa da ɗari. Mai lambu ya rarraba shuka, kada duka su nuna mako guda. Uwargida kuwa lokacin sayenta ke nan: ta yanka tumatir ta shanya kauɗa bisa tabarma mai tsabta, ta busar da kuɓewa, da yakuwa, da zogale a inuwa. Abin da ta ajiye da ɗari shi zai yi mata miya da damana.

11. CEFANEN GIDA

Sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowane saye tsada. A ce litar mai dala 200, ludayi kuma dala 10, lita tana cin ludayi 25. Mai saye da ludayi ya biya dala 250 a kan lita. Haka sukari, gishiri, sabulu da shinkafa. Mata masu adashi ko asusu su haɗa kuɗi su sayi jarka ko buhu wurin ɗan sari, su raba da awo ɗaya a gaban kowa.

In kun ga kaya sun yi arha fiye da kima, ku tambayi dalili. Ku duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, kada ku sayi wanda ya kumbura. Shinkafa ko gari mai warin rima a bar shi. Iri da taki a saye su tun kafin ruwan shuka, wurin da malamin gona ya sani.

A shekarun da cimaka ta yi wuya, gwamnati takan fito da hatsi daga mangazun OPVN a sayar da rahusa. Ku saurari sanarwa, ku tambayi magajin gari ko maigari rana da wuri da kuɗin da aka yanke, kada ku biya fiye da shi. Garin da yake da bankin cimaka ya saya da kaka, ya sayar wa ƴan gari da damana da ƴar riba kaɗan, a rubuta kowace tiya. Bankunan da suka mutu, yawanci bashin da ba a biya ba da rashin rubutu suka kashe su.

AIKIN ƘUNGIYA

Ku sami littafi ɗaya. Kowane mako mutum ɗaya ya rubuta kuɗin tiyar hatsi, dawa da wake a kasuwarku, da wanda rediyo ta faɗa na babbar kasuwa mafi kusa, da kuɗin bunsuru matsakaici. Bayan shekara guda za ku ga watan sayarwa da watan saye da idonku. Bayan shekara uku littafin zai fi kowane dillali sanin kasuwarku.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Rediyo ta ce kilon dawa tamma 220. Dala nawa tiya ke nan?
2. An ce buhu jika 21. Mai awo ya taya tiya dala 90. Nawa ne bambancin a buhu guda?
3. Gidanku mutum nawa ne? Buhu nawa kuke bukata, nawa kuka samu bana?
4. Tiya iri nawa ake awo da su a kasuwarku? Wa zai kai maganar gaban sarkin kasuwa?
5. Me ya fi tilasta wa mutanen garinku sayar da hatsi da kaka, kuma wace hanya za a bi a rage shi?

Ku aiko da amsoshinku da kuɗin kasuwanninku ta hannun shugaban ƙungiya. Darasi mai zuwa zai yi magana a kan riƙon littafin bankin cimaka. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.